Jar Kaza da Aljihun Direba

"Lafiya lau na kwana, ba don halinka ba," in ji Kaka, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ya gajiyar dakon tumbi?"

"Tumbi yana gaishe ki, amarya. Ya haƙoran namu? Duk sun kwana, ko an sake rasa ɗaya?"

Da wata safiyar ce, da tuni ta kai masa duka da mafici tana dariya. Yau kuwa wuƙa ce a hannunta tana wasawa a bakin dakalin baranda. Ga tukunyar ruwa a kan murhu ta fara tururi, ga jar kazarta ɗaure da tsumma a jikin sandar igiyar shanya, sai fisge-fisge take yi.

Mai gaisuwar jikanta ne, direban bas, ƙaton da in ya tsaya a bakin ƙofa sai ɗaki ya yi duhu. Tun yana zanen goyo take ce masa Maigida, shi kuma da ya yi baki ya rama da amarya. Da ya girma ya kama aiki sai ya yi wuyar gani, sai dai a waya, ita ma wayar sai in ita ta kira. To, kwanakin nan sai ga shi kullum da sassafe, a ƙafa, yana haki, wai ya zo gaishe ta. Kaka ta ji daɗin da ta daɗe ba ta ji irinsa ba. Ta koma share baranda tun gari bai gama wayewa ba, ta fito da ɗankwalin unguwa tana ɗaurawa a cikin gida. Har burga ta je ta yi wa maƙwabciyarta mai sayar da gawayi, ta ce, "Naki jikokin sai a hoto. Nawa kuwa ba ya taɓa sitiyari sai ya ga idona."

Jiya mai gawayi ta rama. Ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Ai ina ganinsa. Sai dai akurki yake fara gaisarwa kafin ke."

Ashe shi ya sa! Kaka ta daɗe tana zagin jar kaza wai ta daina ƙwai. Ta zargi ɓera, ta zargi kyanwar maƙwabta, babu wanda ba ta ɗauki alhakinsa ba. Yau ta laɓe a tagar kicin, inda ake hango lungun akurki kusa da ƙofar gida, ta gani da idonta. Ya turo ƙyaure a hankali, ya duƙa, ya zura hannu, ya cusa abin a aljihun wandonsa na dama, sannan ya miƙe ya gyara murya ya yi sallama kamar mutumin kirki. Kafin ya ƙaraso ta lallaɓa ta koma kan tabarmarta. Ba ƙwan ne ya ƙona mata rai ba, wallahi da roƙa ya yi, da har kazar ma sai ta ba shi. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne, ashe duk sharar nan da ɗaurin ɗankwalin nan a banza take yi, wurin kaza ake zuwa.

"Wannan wuƙa fa?" in ji Direba. "Baƙi za mu yi?"

"Kai ne baƙon. Zauna." Ta tura masa kujera 'yar tsugunno da ƙafa.

Ya dubi kujerar, hannunsa ya sauka a kan aljihu. "A'a, bar ni a tsaye. Tsayuwa ma tana ƙona kitse."

"Wane malamin waya ne ya koya maka wannan kuma? Ni dai na gaji da kai da kitsen nan naka. Bara wa ya zo min nan da gorar ruwan lemun tsami, yana kurɓa yana yamutsa fuska kamar an mare shi, wai tumbi zai narke? Me ya narke? Haƙoranka ne suka mutu, ko burodi ka kasa tauna."

"Wannan kuskuren ƙuruciya ne."

"Bara fa na ce! Ƙuruciya da furfura a gemu? To da ka koma miyar kabeji zalla, safe da rana da dare? Matarka har nan ta zo ta kawo ƙara. Ta ce fasinjoji sun daina zama a kujerar gaba, kowa buɗe taga yake yi ko ana ruwan sama."

"Sharri ne! Salansar motar ce ta lalace."

"Salansar direba dai. Bakanike bai iya gyara wannan ba."

"Ke fa ba ki da kunya, tsohuwar nan. A haka za ki tsufa?"

"Na riga na tsufa a haka, sai ka yi haƙuri, kai ka ce ka ji ka gani. Shayin rage tumbi fa? Shi ma sharri na yi maka? Ba kai ka tsayar da mota cike da bayin Allah a tsakiyar titi, ka ruga bayan gidan mai kana riƙe da wando ba?"

Direba ya sosa ƙeya. "Shi wannan kam na yarda, mugu ne. Ruwan jikina kawai ya tsotse. Na hau sikeli na ga na ragu, na yi ta murna, ina shan ruwa komai ya dawo har da ƙari."

"Sai kuma aka shiga zamanin ƙin cin abinci sai la'asar. Ka wuni kana yi wa fasinja tsawa kamar su suka ɗora maka, da yamma ka zauna ka cinye na mutum uku, ka ce wai ka buɗe baki. Kai, ni ban taɓa ganin mutumin da yake wahalar da cikinsa cikin ya ƙi barinsa ba irinka!"

"To ai wannan na yanzu daban ne, amarya. Wannan ba a waya na gani ba, likita ce ta zaunar da ni. Ta auna ni ta ce jinina ya fara hawa, gwiwa kuma da ma kin san tana ƙara. Ta ce in bar tsalle-tsallen nan daga wannan shirme zuwa wancan. In ci abin da zai riƙe min ciki, wake, kifi, nama marar kitse, madara, in haɗa da ganye mai yawa. Shinkafa da burodi in rage, ba ta ce in yi gaba da su ba. Sannan in riƙa tafiya a ƙafa. Furotin ake ce masa."

"Waken ne aka raɗa wa sabon suna? Allah ya raya."

"Yi ta dariya. Lokacin kabeji, kafin in kai tasha cikina ya fara kiran sunana. Lokacin lemun tsami har jiri nake gani, fitilar hanya ta zama biyu. Yanzu kuwa, ƙwai ɗa..." Ya haɗiye sauran maganar. "Wake kaɗan da safe, har azahar ban tuna da kowa ba."

"Me ka fara cewa?"

"Wake na ce."

"Na ji kamar wani abu mai ɓawo."

"Kunnen ne ya bi haƙoran."

Kaka ta cika ta yi fam. Dubi ɗan banzan nan, ƙwanta a aljihunsa, yana tsaye a kan sharar da ta yi dominsa, kuma ita ce kurma! Ta gwada kaifin wuƙar a babban yatsanta, ta miƙa masa ta wajen ƙota.

"To madalla. Tunda nama marar kitse aka ce ka ci, ga shi nan ɗaure. Karɓi ka yanka min ja."

Direba ya ja da baya kamar an miƙo masa maciji. "Ja? Me ta yi miki?"

"Abin da ba ta yi ba za ka tambaya. Ta daina ƙwai. Kullum sai ta cika min kunne da kyarkyara kamar ta yi abin arziki, in je in duba, wayam. Ga ci kamar kai. Maƙaryaciya ba ta zama a gidana."

"Haba, amarya! Hutu take yi. Ko ma'aikaci ana ba shi hutu."

"To na sallame ta daga aiki."

"Ke ma ai kin daɗe ba ki haihu ba, wa ya wasa miki wuƙa?"

"La ila! Ni kake haɗawa da kaza? Ni na yi nawa na gama, na haifi ubanka santalele, shi ne ya rasa abin da zai saka min da shi sai buhu mai tuƙa mota. Karɓi wuƙar nan, ruwa yana ƙonewa!"

"Ta tsufa fa, namanta igiya ne. Da me za ki tauna?"

"Kai za ka tauna, ni romo zan sha."

"Fatar kaza duk kitse ce, likita ta hana ni."

"A ba kyanwa fatar. Da ma na ɗauki alhakinta, sai in wanke kaina."

Ya karɓi wuƙar da hannun hagu, na dama yana nan manne da aljihu kamar mai ciwon ƙugu. Kaka ta kwance kazar daga jikin sanda ta dangwara masa a gabansa.

"Tsuguna ka taka fikafikan."

Jama'a, ku zo ku ga tsugunno! Ya lanƙwasa ƙafar hagu, ta dama kuwa ya miƙe ta can gefe a sanƙare, yana nishi, gumi yana tsattsafo masa a goshi.

"Ƙafar me ya same ta?"

"Motsa jiki ne. Haka ake yi yanzu."

"Kai dai ka shiga uku da abin da ake yi yanzu."

Ita kuwa ja da ta ga wuƙa a kanta, sai ta ce ba da ita ba. Ta buga fiffike ta watsa masa ƙasa a ido. Direba ya yi baya taga-taga, ya nemi abin riƙewa ya rasa, ya faɗa daɓas a kan kujera 'yar tsugunnon da ya ƙi tun farko.

Ɓas!

Sai wani ruwa kore-kore ya fara tsiyaya daga aljihun dama yana bin ƙafar wando. Sannan warin ya taso. Wari ne irin wanda yake sa ƙuda ma ya canja hanya, har ja ta daina fisge-fisge ta koma gefe.

Kaka ta toshe hanci da bakin ɗankwali. "Maigida, kai ka karɓi aikin? Ashe shi ya sa ta daina. To ba ni wuƙar, kai za a yanka, tunda naka ruɓaɓɓe kake yi."

"Wannan... a shago na saya. Wallahi mai shagon nan macuci ne, sai na mayar masa!"

"Rufe min baki! Baragurbi ne, na kazar mai gawayi, wanda ya ƙi ƙyanƙyashewa tun kwancin da ya wuce. Ni na karɓo shi jiya, ni na ajiye shi a akurki da hannuna, ina tagar kicin ka duƙa ka ɗauka. Sai ka faɗa min wane shago ne a cikin akurkina."

Ido ya raina fata. Direba ya yi tsuru-tsuru, ya buɗe baki zai yi borin kunya, ya ga fuskarta, ya fasa. Ba fuskar wasa ba ce.

"Ka ci amanata, yaron nan. Ba ƙwai nake yi wa ba, ƙwan banza ƙwan wofi! Ni da nake tashi da ciwon baya in share barandar nan don kada ka zo ka ga datti. Ni da na je na buɗe baki a gaban mai gawayi na ce jikana ya fi nata. Yanzu ta samu abin da za ta yi ta ba masu sayen gawayi labari har shekara ta zagayo. Na zaci ka tuna kana da kaka ne, ashe kaza ka tuna." Ta sunkuya ta cafko ja, ta tura masa ita a cinya. "Ungo, na ba ka, halak malak. Kai ta gidanka ta riƙa yi maka a kan gado. Ka huta da tafiya, ni ma in huta da shara."

Tana faɗa ta yi da-na-sani. In ya ɗauki kazar nan ya fita, shi ke nan, an koma gaisuwar waya, ta sani sarai.

Direba ya dubi kazar da ke cinyarsa. Ya kwance tsumman ƙafarta a hankali, ya sauke ta ƙasa, ta ruga lungun akurki tana ƙorafi.

"Ba na so," in ji shi. "Amarya, a ƙofar gidana akwai shago, ƙwai kiret a kan kiret, manya-manya. Kin taɓa ganin mai jiki irin nawa ya ratso unguwanni a ƙafa, ya hau tudun nan naku da ko babur sai ya yi tari, don ƙwai ɗaya ɗan mitsitsi kamar na tantabara?"

"Kar ka zagi ƙwan kazata bayan ka cinye."

"Da likita ta ce in yi tafiya, filin ƙwallo na fara zagayawa. Ban je ko'ina ba na daina, don babu mai jirana a ƙarshen zagayen. Nan kuwa na san akwai wata fitinanniyar tsohuwa a zaune, ta tanadi zagi tun asuba. Ko gwiwa ta ce kar in fito, sai in ce in ban je ba wa za ta zaga?"

Kaka ta kawar da kai. "Daɗin baki. To satar fa? Ita ma likita ce ta rubuta maka?"

"Ranar farko na iso yunwa kamar ta kashe ni. Me kika ajiye min? Burodi rabin katifa, da shayin da cokali yake tsayawa a ciki don sukari. Na ce ba na ci, kika ce an fara sabon hauka. In da na ce ki dafa min ƙwai, me za ki yi? Ki faɗi gaskiya."

Ta san abin da za ta yi. Da sai ta jero masa tun daga lemun tsami har gidan mai, kamar yadda ta yi ɗazu, sannan ta leƙa katanga ta ƙara wa mai gawayi.

"Shi ya sa na ɗauka a ɓoye, mai shayin tasha yake dafa min," in ji shi. "Na ce bari sai abin ya nuna tukuna, in zo in ba ki kunya. Sau nawa ina farawa ina faɗuwa kuna dariya? Wannan karon ba na so a yi dariya."

Abin ya taɓa ta, amma ko kusa ba za ta bari ya gani ba. Ta tsura wa wandon ido tana neman abin da za ta kama, sai kuwa ta samu wanda ba ta zata ba.

"Tsaya. Wannan ba shi ne wandon aikin da kake rataya makullin mota a wuya saboda aljihunsa ya ƙi karɓa ba?"

"Shi ne."

"Wanda in ka sa sai ka kwanta matarka ta ja maɓalli?"

"Wa ya faɗa miki wannan kuma? Shi ne dai."

"Yanzu har ƙwai yake ɗauka, ka yi tafiya da shi har tasha bai fashe ba?"

Direba ya washe baki duk da warin da yake zaune a ciki. Ya ɗaga riga ya nuna mata bel ɗinsa, ga sabuwar huda an yi da ƙusa, can gaba da tsofaffin.

Kaka ta daɗe tana kallon hudar nan. Daɗi ya cika ta har wuya, ta danne shi da ƙyar. "Hmm. Kabeji dai bai taɓa buɗa aljihun nan ba, balle shayin gudawa. Wannan ne kaɗai ya ramar da kai har ka iya sata. To na yarda, yana aiki. Ɓarawo ya samu lafiya."

"Kin yarda? Maimaita, kunnena bai ji ba."

"Kunnen ya bi wandon. Tashi ka cire shi kafin maƙwabta su zaci mutuwa aka yi." Ta zaro zane daga igiyar shanya ta jefa masa. "Ɗaura wannan, in ɗauraye maka. Ka kira tasha ka ce amarya ta riƙe ka."

Ya shiga kicin ya fito ɗaure da zane mai furanni har ƙirji, ya zauna a kan tabarma ya miƙe ƙafafu. Ita kuwa ta kwance gefen zanenta, ta fito da ƙwan ja na gaskiya, na yau, wanda ta ɗauke tun kafin ya iso. Ta saka shi a ruwan da ta ɗora don figar uwarsa.

"Daga yau ni zan dafa, a nan za ka ci, a zaune, ina kallonka. In na sake ganin hannunka a akurki, da wuƙar nan zan yi maka sabuwar huda."

"Na ji. A sa gishiri kaɗan, likita ta ce..."

"Likita ta zo ta dafa maka." Ta juya masa baya tana gyara itace a murhu, don kada ya ga idonta. "Ja fa ta kusa shiga kwanci. In ta kwanta, babu ƙwai sai ta yaye 'ya'ya. Ranar sai ka zo ka ci me?"

"Sai in zo in ci zagi. Shi ma yana riƙe min ciki har azahar."

Dariyar da take dannewa tun ɗazu ta ƙwace mata, har da tari, har da share ido da bakin ɗankwali. Ta ɓare ƙwan da zafinsa ta ajiye masa a faranti, sannan ta taka har gindin katanga ta ɗaga murya.

"Mai gawayi! Leƙo ki ga wanda kika ce akurki yake gaisarwa. Ga shi nan a zanena, a kan tabarmata yake karyawa!"